Burtalin da Bai Shiga Littafin Diyya ba

Duk garin da babban titi ko layin dogo ya taɓa ratsawa ya san ranar ƙirga. Motar safiyo ce take fara zuwa, a kafa turaku, a shafa jan fenti a jikin katangu da itatuwa. Bayan 'yan makonni sai ga ma'aikata da manyan littattafai, mai unguwa a gaba, dagaci na biye. A ƙirga ɗakuna, a tambaya na ƙasa ne ko na bulo. A ƙirga mangwaro da ɗorawa da kuka, a auna gonar gero, a rubuta rijiya. Mai kuka uku ya san yana da abin karɓa, ko da sai ya shekara biyu yana zarya kafin kuɗin su fito.

A gefen gonakin nan akwai wani fili siriri mai tsawo, ba shuka, ba gini, sai busasshen kashin shanu da sawun kofato. Ma'aikaci ya dube shi ya wuce, domin a takardarsa babu gurbin da zai rubuta shi. Burtali ke nan. Masu bi ta cikinsa suna can arewa, wajajen Dakoro ko Tanut, tunda damina ce. Sai kaka ta yi, an yi girbi, garke ya gangaro ta hanyar da kakanni suka bi, sannan a tarar da tudun ƙasa mai tsayin gini ya gitta ta, katafila tana aiki a kai.

Ma'aikacin bai yi ha'inci ba, doka ya bi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa kuma aka cusa ta cikin tsarin mulki, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon karɓe fili idan aikin jama'a ya taso. Diyyar da ta tanada ta abin da aka ɗora a kan ƙasa ce: gini, shuka, aikin da aka kashe wa kuɗi. Manomi yana barin shaida a ƙasa, ko da kunya ce da kututturen dawa. Makiyayi kuwa gwanintarsa ita ce ya ci ciyawa ya tashi kafin ya kashe ta, ya bar wurin kamar ba a taɓa zuwa ba. Abin da ya sa filin ya rayu shekaru ɗari, shi ne ya hana shi hujja a gaban mai littafi.

Dokar ta ambaci kiwo, ba a ce ba ta ambata ba. Ta yarda ƙaramar hukuma ta ba mutum har hekta 5,000 don kiwo, alhali na noma hekta 500 ne iyaka sai da yardar gwamna. Amma wanda masu rubuta ta suka hango mai gandu ne da zai killace fili ya shuka abincin dabba a ciki. Mutumin da arzikinsa yake tafiya da ƙafa huɗu daga Zamfara zuwa Kwara ya dawo cikin shekara guda bai zo musu a rai ba.

Ita wannan tafiya ana yawan ɗaukarta yawon banza, ko taurin kan mutanen da suka ƙi wayewa. Lissafi ce. Da damina garke yana hawa arewa, ya ba gonaki wuri, ya guje wa tsando da ciwon sammore, ya sami ɗanyar ciyawar Sahel mai sa nono, ya lashi kanwa. Da rani, idan tafkunan arewa sun ƙafe, ya gangaro ya ci kara da harawa, ya sauka fadama. A da manomi shi yake roƙon Bafulatani ya kafa mashekari a gonarsa, har ya haɗa masa da damin gero, saboda takin da shanu za su bari. Burtali shi ne zaren da ya ɗinke waɗannan wurare, da mashaya a kan hanya, da hurumi a bayan gari inda za a yada zango. Idan aka yanke shi a wuri ɗaya, makiyayar da ke can gaba ta zama ba ta da amfani ko da ba a taɓa ta ba, kamar rumbu cike da hatsi da aka toshe ƙofarsa.

Kalmar kanta tana da tarihi. A Fulatanci akwai burtol, kuma a Masina, cikin ƙasar Mali ta yau, daular da Shehu Amadu ya kafa a 1818 ta tsara waɗannan hanyoyi da doka: ta inda garke zai bi, inda zai kwana, da wanda zai fara shiga fadamar kogin Kwara idan ruwa ya janye. Har gobe a Jafarabe ana bikin ranar da shanu suke ninƙaya su haye kogi bayan watanni a daji, samari suna waƙe garkensu, ana zaɓen wanda shanunsa suka fi ƙiba. Hukumar UNESCO ta ayyana bukukuwan Yaral da Degal cikin kayan gadon bil'adama a 2005. Shekara kusan 200 da suka wuce, wani malami a bakin kogi ya gane cewa hanyar shanu dukiya ce mai buƙatar alƙali.

A nan ne maganar al'ada take shigowa, kuma a nan ake yawan yin kuskure. Idan gwamnati ta tashi girmama al'adun makiyaya, sai ta kira 'yan mata da ƙore da faifai su yi rawa a filin wasa, a ɗauki hoto, a kai sanda da malfa gidan tarihi. To amma gadon makiyayi yana cikin abin da yaro ɗan shekara goma ya sani: sunan kowace saniya da na uwarta da na kakarta, kiran da zai yi garke ya juyo, ciyawar da ke kumbura ciki, rijiyar da ba ta ƙafewa sai bazara ta yi nisa. Yana cikin zaɓen da aka yi ƙarni bayan ƙarni har aka sami farar Bunaji, da jar Rahaji mai dogon ƙaho da juriyar tafiya, da Bokoloji ta Sakkwato, da Kuri ta tafkin Chadi mai iyo tsakanin tsibirai. Yana cikin haɓɓanaye, inda mai shanu zai ba wanda ya rasa aron karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'yan maruƙan ya mayar da uwar. Inshora ce da ba ta da ofis. Sharo, da Gerewol na Woɗaɓe, da taron lasar gishiri na Ingal da ake yi a ƙarshen damina, duk an ɗora su ne a kan kalandar tafiya: lokacin da dangi da suka warwatsu suke haɗuwa a ɗaura aure, a raɗa suna, a sasanta rigima. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake koya a zaune.

Akwai kuma matan ruga, waɗanda ba a cika tunawa da su ba. Nono nasu ne, da man shanu da kuɗin da suka fito daga ciki. Ranar da garke ya kasa zama kusa da gari aka tura shi can ƙuryar daji tare da samari, ranar ce ƙwaryar uwar gida take bushewa.

Manyan ayyuka sun fara cin wannan tsari tun kafin a fara maganar jirgin ƙasa na zamani. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, aka ƙara da ta Challawa a 1992. Kano ta sami ruwan sha, Kadawa da Kura suka zama gidan shinkafa da tumatir, kuma babu mai hankalin da zai ce a rushe su. Sai dai ruwan da aka tare a sama, a ƙasa aka rage wa wasu. Ambaliyar da take malale fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara, ta janye ta bar ciyawar rani ga dubban garkuna, ta ragu ƙwarai. Inda kuma ruwan ya koma gudana ba yankewa, ciyawar kacala ta mamaye, ta toshe magudanai, ta cinye wurin noma da na kiwo da na su. Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi lissafin cewa ruwan ya fi kawo amfani idan aka bar shi ya malala a fadama, fiye da abin da yake samarwa a aikin noman rani na sama. An karanta, an ajiye.

Labarin Bakolori ya fi ɗaci. An gama madatsar a 1978 a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi ta jiran diyya, suka tare hanyoyi, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta aka kashe mutane da yawa. Tarihi ya riƙe wannan, kuma ya kamata ya riƙe. Manoman sun mutu ne suna neman haƙƙin da aka yarda suna da shi aka ƙi biya. Makiyayan da suke shayar da shanu a wannan kwari, suke cin rani a fadamun da ke ƙasa da madatsar, ko jerin waɗanda aka zalunta ba su shiga ba. Sun kaɗa shanunsu sun yi gaba, aka ɗauka ba su yi asarar komai ba.

Daga baya shirin Fadama, da aka fara a farkon shekarun 1990 da tallafin Bankin Duniya, ya raba injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse. Talaka ya sami albasa da barkono da rani, alheri ne babba. Amma bakin rafin da saniya take sauka ta sha ruwa ya zama lambu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma ba a bar mata ko ƙofa ba.

Gwamnatin Jihar Arewa ta hango matsalar tun da wuri. A 1965 ta yi dokar keɓe dazukan kiwo, kuma a kan lissafa sama da 400 a faɗin ƙasar, irin su Ladduga a Kaciya, Wase a Filato, Bobi a Neja, Wawa-Zange a Gombe. Waɗanda aka tabbatar da su a gazet ba su kai rabi ba. Sauran sun zauna a baki kawai, kuma abin da yake a baki, ranar da mai babbar riga ya so shi, ranar ya zama gonarsa. Wasu sun koma unguwanni, wasu makarantu, wasu an yanka wa 'yan siyasa. Ko soke jangali da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka yi a Kano da Kaduna a 1979, wanda ya sauke wa makiyaya nauyin gaske da cin zarafin masu karɓa, ya zo da wani abu da ba a zata ba. Rasit ɗin jangali ita ce kusan takarda ɗaya tilo ta hukuma da take ɗauke da sunan makiyayi da inda ya yi damina, kuma hakimin da yake samun kuɗi daga garke yana da dalilin hana a nome burtali. Da harajin ya tafi, dalilin ya bi shi, ba a kuma kawo wani abu a madadinsa ba.

Yanzu ga sabon zamani na manyan ayyuka. Bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, kilomita 614. Titin Abuja zuwa Kano da ake sake ginawa. Sai layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil yake ginawa a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Wanda ya buɗe taswira zai ga abin lura: layin ya tashi daga Kano ya yi arewa ta Ɗambatta da Kazaure zuwa Daura, daga nan ya karya yamma ta Katsina zuwa Jibiya, yana tafiya kusa da iyaka. Shanu kuwa daga arewa suke gangarowa kudu, su koma. Ke nan a wannan yanki layin gitta hanyarsu zai yi. Bututu ana binne shi ciyawa ta sake tsirowa a kai. Layin dogo na zamani tudu ne da ake ɗagawa, jirgi yana gudu a kai, kuma garken shanu ɗari ba ya tsallaka shi sai ta inda aka bar masa.

Wurin wucewar ba wani abin al'ajabi ba ne. Babban kwalbati ne ko ƙaramar gada, mai faɗin da garke zai shige ba tare da turmutsitsi ba, a daidai inda burtali yake. Idan an sa shi tun a zane, kuɗinsa ba ya taka kara ya karya a cikin biliyoyin aikin. Idan an gama gini sannan aka tuna, ya zama sai an fasa. Idan kuma aka sa shi kilomita biyar daga burtali don ya fi wa injiniya sauƙi, to an tilasta wa makiyayi ya ratsa gonakin mutane kilomita biyar, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya. Lokacin da Kenya ta gina layin Mombasa zuwa Nairobi da aka buɗe a 2017, ta bar wa giwaye wuraren wucewa a dajin Tsavo, kuma da layin ya zarce gaba aka ɗaga shi a kan ginshiƙai ya ratsa gandun namun daji na Nairobi ta sama. Giwa tana da masu magana da yawunta, tana kuma kawo dalar 'yan yawon buɗe ido. Saniya da take ba ƙasa nama da fata da nono sai a ce ta nemi hanya.

Abin sha'awa, inda layin Kano zuwa Maraɗi zai ƙare, can ne dokar ta bambanta. Nijar tun 1961 ta ja iyaka ta ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce. Ta ga bala'i da idonta a Toda, cikin jihar Maraɗi, a Oktoban 1991, inda aka kashe Fulani sama da 100, akasari mata da yara, a rikicin manoma da makiyaya. A 1993 ta kafa dokar tsarin karkara wadda ta amince cewa makiyayi yana da yankin da ya saba komawa, kuma yana da fifiko a kan ruwa da ciyawar wurin ko da bai mallake shi ba. A 2010 ta ƙara da dokar kiwo da ta ce ƙaura da dabbobi haƙƙi ne na asali, kuma ba a raba makiyayi da wannan fifiko don aikin gwamnati sai an biya shi. Matafiyi a karkarar Maraɗi zai ga turakun siminti jere a gefen burtali, kwamitocin ƙasa da suka haɗa sarakuna da manoma da makiyaya ne suka kafa su. Ba aljanna ba ce. Gonaki sun haura iyakar 1961 tuntuni, masu kuɗi sun killace filaye a yankin kiwo, ga bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. Amma makiyayin Nijar idan ya je gaban hukuma yana da sashen doka da zai nuna da yatsa. Ɗan'uwansa na wannan gefen iyaka, wanda wataƙila kaka ɗaya suka haɗa, sai dai ya ce haka muka tarar.

Za a ce, wa yake da lokacin tausayin burtali alhali dazukan Zamfara da Katsina sun cika da 'yan bindiga, da yawansu kuma daga ruga suka fito? Tambaya ce mai nauyi, kuma wanda aka kashe wa ɗa ko aka sace wa mata ba ya buƙatar lacca a kan tarihin kiwo. Rashin burtali ba ya halatta jinin kowa. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda yake neman maganin ciwo dole ya tambayi inda ya faro. Makiyayi mai shanu a gabansa yana da abin da yake tsoron rasawa, shi ya sa ma shi ne farkon wanda ɓarayin shanu suka talauta. Saurayin da garken gidansu ya ƙare, bai yi boko ba, bai iya noma ba, ba shi da fili, shi ne wanda mai raba bindiga yake nema. Kowace hanya da aka toshe tana ƙara yawan irinsa.

Za a kuma ce zamani ya wuce yawo da shanu, a killace su kawai. Jihar Binuwai ta hana kiwon sake a 2017, gwamnonin kudu suka bi sahu a taron Asaba na 2021, shirin Ruga na tarayya ya mutu a 2019 tun bai tashi ba. Killacewa tana da wurinta, musamman kusa da birane inda ake da kasuwar madara da dusa, kuma makiyaya da yawa sun riga sun zauna da kansu, suna noma suna kiwo, 'ya'yansu suna makaranta. Amma killacewa fili take ci, da ruwa, da abincin da za a saya wata bakwai na rani. Wanda aka ce ya daina tafiya ya zauna, a ina zai zauna, da wace takarda? Ko ta wace hanya aka bi, tambayar ƙasa ce take jira a ƙarshe, kuma ita ce ake ta kewayewa.

Kotuna a wasu ƙasashe sun fara amsa ta. A arewacin Kenya an kafa injinan samar da lantarki da iska guda 365 kusa da tafkin Turkana, a filin da aka ɗauka fanko ne. Makiyayan yankin suka kai ƙara, a 2021 kotun ƙasa da muhalli da ke Meru ta ce ba a bi doka ba wajen ba da takardun mallakar eka 150,000. A 2021 ɗin dai kotun ƙolin Norway ta ce lasisin irin waɗannan injina a Fosen ya tauye haƙƙin al'adar 'yan ƙabilar Sami, masu kiwon wani nau'in barewa mai rassan ƙaho, domin al'adar ba ta rayuwa idan babu makiyayar hunturu. Alƙalan ba su ce a daina lantarki ba. Sun ƙi yarda ne cewa fili ba shi da mai shi don kawai ba a tarar da kowa a kai ba ranar da aka zo aunawa.

Najeriya tana da kayan aikin da za ta fara da su. Dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli tana nan tun 1992. ECOWAS ta amince da ƙaurar dabbobi tsakanin ƙasashe tun 1998. Jigawa ta kafa hukumar manoma da makiyaya, ta yi aikin shata burtalai da mashaya. A Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya ƙirƙiro ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe 2026 a matsayin shekarar makiyaya da filayen kiwo, bisa shawarar Mongoliya. Taro za a yi, da jawabai, wataƙila da 'yan mata masu ƙore.

Aikin da ya fi taro amfani ƙarami ne, mai ƙura. A je ƙirga sau biyu, da damina da kuma rani. A zauna da arɗo da dagaci a inuwa ɗaya, su zana a ƙasa ta inda shanu suke bi, a ɗauka a sa a taswirar injiniya kafin a zuba siminti. A ƙara shafi a littafin diyya don mashaya da hurumi da burtali, a biya al'umma da wani filin ko wata rijiyar idan an ci nasu. Tsofaffin da suka san hanyoyin nan da ka, daga Gulbin Maraɗi har dajin Rugu, suna nan da ransu a rugage tsakanin Daura da Jibiya, kuma ana samunsu ranar kasuwar Mai'aduwa ko ta Caranci, a gefen kara, inda ake cinikin shanu.